Juma'ar da Laraba Ba Ta Nuna Ba



Yau za mu ɗan yi nisan kiwo, mu tsallaka teku mu leƙa wani wasa da ba namu ba. Wasan shi ne wanda Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa, alhali kuwa kusan dukkansa da hannu ake yi, ɗan uwan zari-ruga ne na jini. Samarinmu sun fara kallonsa a wayoyinsu, musamman tun da hukumar gasar ƙwararru ta NFL ta zo birnin Akra a watan Yunin 2022 ta kafa sansanin gwada matasa. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsu shi ne mutum ɗaya tak a cikin ƙungiya wanda aikinsa bugu da ƙafa ne, domin suna ganin wannan kam gadonsu ne, tun suna yara suke yi a lungu ba takalmi. Daga nan ne muhawara ta taso, wadda Amurkawan kansu suka daɗe suna yi: mai bugun da ya yi fice a gasar jami'o'i, shin ficen nan yana bin sa zuwa gasar ƙwararru, ko kuwa a ƙofar makaranta suke yin sallama?

Kafin mu shiga, ya kamata mu shimfiɗa wa wanda bai san wasan ba tabarma. Kowane ɓangare yana da mutum 11 a fili. Wanda ya kai ƙwallon ƙarshen filin abokin hamayya ya sami maki 6, sa'an nan a ba shi bugun ƙari mai maki 1. Idan kuwa hanya ta toshe, sai a kirawo mai bugu ya aika ta da ƙafa ta ratsa tsakanin dogayen turaku biyu, a sami maki 3. Sandar da ke kwance tsakanin turakun tsayinta daga ƙasa ƙafa 10 ne, dole ƙwallon ta bi ta samanta, faɗin tsakaninsu kuwa ƙafa 18 da rabi, watau mita 5 da rabi da 'yan kai, bai kai faɗin ragar da muka sani ba. Babu mai tsaron gida. Nisan bugu da yadi ake auna shi, yadin nan dai da tela ke yankan shadda da shi.

Mutum uku ne ke da hannu a kowane bugu. Na farko ya sunkuya ya cillo ƙwallon baya ta tsakanin ƙafafunsa, na biyu yana durƙushe ya cafe ya tsayar da ita a ƙasa da yatsa, ya juya ɗinkinta ya kau da shi daga wajen ƙafar mai bugu, na uku ya sheƙo ya buga. Duk wannan ana so ya kammala cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya da rabi ba, domin ƙatti suna tahowa a guje da hannuwa a sama. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma idan jinkar ta faɗi sunan mutum ɗaya ake kira. A wasan ƙarshe na Super Bowl na watan Janairun 1991, Scott Norwood na ƙungiyar Buffalo Bills ya buga daga yadi 47 saura 'yan daƙiƙoƙi a tashi, ƙwallon ta kauce ta dama, aka ci su 20 da 19. Fiye da shekara 30 ke nan, har yau da wannan bugun ake tuna shi.

Gasar jami'o'i a can ba wasan yara ba ce. Filin jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum fiye da 100,000, ya fi kowane fili na ƙwararru. Tun daga 1992 ake ba gwarzon masu bugu na jami'o'i wata lamba mai sunan Lou Groza. Kowace shekara kuma, wajen ƙarshen watan Afrilu, ƙungiyoyin NFL 32 sukan zauna su zaɓi waɗanda suka fito daga jami'o'i bi da bi, zagaye 7, wadda ta fi shan kashi a bara ita ke fara ɗauka. Guraben zagayen farko da na biyu dukiya ne, har cinikinsu ake yi, kuma bisa al'ada ba a kashe su a kan mai bugu.

To hankali zai ce, a duk ayyukan wannan wasa babu wanda ya kamata ya ƙaura daga makaranta zuwa kasuwa lafiya lau kamar bugu. Mai gudu da ƙwallo zai tarar da waɗanda suka fi na jami'a ƙarfi da sauri, mai jifa zai tarar da masu tsaro da suka fi wayo. Shi kuwa mai bugu, turke turke ne, yadi yadi ne, ba ya kokawa da kowa. Juma'ar da za ta yi kyau, in ji masu iya magana, tun daga Laraba ake gane ta.

Da wannan lissafin ƙungiyar Tampa Bay Buccaneers ta shiga zaɓen 2016. Akwai wani matashi a jami'ar Florida State, Roberto Aguayo, wanda ya karɓi lambar Groza a 2013, shekarar da jami'arsa ta ci kofin ƙasa. Cikin shekara uku ya yi bugun maki uku sau 78, ya ci 69. Bugun ƙari ya yi 198, bai ɓarar da ko ɗaya ba. Idan aka haɗa duka biyun, zuwa lokacin ba a taɓa samun wanda ya kai shi daidaito a tarihin jami'o'i ba. Shugabannin Tampa Bay suka ga kamar in sun yi jinkiri wani zai riga su, suka ba da gurabensu biyu, na zagaye na uku da na huɗu, suka karɓi na zagaye na biyu, suka ɗauke shi a matsayi na 59. Tun a daren masu sharhi suka fara gunaguni, suna cewa an sayi akuya da kuɗin sa.

Shekararsa ta farko ya buga 31 ya ci 22, watau kashi 71 cikin 100, shi ne na ƙarshe a cikin masu bugun gasar. Mafi nisan da ya ci yadi 43 ne. A watan Agustan 2017, a wasan share fage da Cincinnati, ya ɓarar da bugun maki uku da kuma bugun ƙari, kashegari aka sallame shi. Abin takaici ma, a lokacin wani gidan talbijin yana bin ƙungiyar da kyamara, saboda haka duniya ta kalli yadda aka kira shi ofis aka gaya masa. Ya yi ta gwada sa'a a wasu ƙungiyoyi, amma bai sake buga wasan gasa ko ɗaya ba. Yana da shekara 23.

Wannan labari shi ake fara kawowa duk lokacin da maganar ta taso, kuma mutane da yawa a nan suke tsayawa, su ce ai jami'a daban, kasuwa daban. Mu dai ba mu gamsu da tsayawa a nan ba, domin idan an tambaye su mene ne bambancin, amsoshin ba su cika riƙe ruwa ba.

A da can akwai bambanci na zahiri. Kafin 1989, mai bugu a jami'a yana ɗora ƙwallon a kan wani ɗan gammo na roba, ta ɗago daga ciyawa, alhali ƙwararru daga ƙasa suke bugawa. Turakun jami'a kuma sun fi faɗi, ƙafa 23 da ɗoriya, sai a 1991 aka tsuke su suka zama daidai da na ƙwararru. A wancan zamanin ne Russell Erxleben na jami'ar Texas ya ci bugu daga yadi 67 a 1977, ƙungiyar New Orleans Saints ta ɗauke shi a matsayi na 11 a zaɓen 1979, ya ƙare rayuwarsa ta wasa da bugun maki uku guda 4 kacal da ya ci cikin 8. Wanda ya saba da gammo, ran da aka ce ya ɗauki tulu a tsurar kai dole wuya ta gaya masa. Amma wannan uzuri ya ƙare tun kafin a haifi Aguayo.

Abin da ya rage na bambanci a yau bai taka kara ya karya ba, wani ma sauƙi ne ga ƙwararre. Akwai layuka biyu na ɗigo-ɗigo da ke bin tsawon fili, a tsakaninsu ake ajiye ƙwallo kafin kowane tashi. A jami'a tazararsu ƙafa 40 ce, saboda haka sau da yawa mai bugu yana hango turaku ne a karkace. A NFL tazarar daidai take da faɗin turakun, kusan kullum yana fuskantar su kai tsaye. Ta ɗaya gefen kuma, tun 2015 an ja bugun ƙari na ƙwararru baya ya koma yadi 33, na jami'a yana nan a yadi 20, ke nan waɗancan 198 da Aguayo ya jera ba irinsu ya tarar ba. Tun 1999 kuma ake ware wa masu bugu ƙwallaye na musamman, waɗanda a zamanin Aguayo ba su sha duka sun yi laushi ba. Masu tare bugu sun fi tsawo da tsalle. Ana kuma wasa har cikin Janairu a garuruwa masu ƙanƙara kamar Buffalo da Chicago da Green Bay. Sai dai Tampa a jihar Florida take, jihar da ya yi karatu, sanyi bai kore shi ba. Yawan 'yan kallo ma ba baƙo ba ne a wurinsa, ya buga wasan ƙarshe na ƙasa yana ɗan shekara 19.

A ganinmu, bakin zaren yana cikin lissafin kansa. Duka bugu 9 da ya ɓarar a jami'a daga yadi 40 zuwa sama ne, ƙasa da haka bai taɓa kuskure ba. Kuma idan aka bi shekarun ɗaya bayan ɗaya, na farko ya ci 21 cikin 22, na biyu 27 cikin 30, na uku 21 cikin 26, abin yana ɗan gangarowa. Ƙungiyar jami'a mai ƙarfi takan kai ƙwallo kusa kafin ta nemi mai bugu, idan nisa ya yi yawa kocin ya haƙura. Ƙwararru kuwa sun mayar da yadi 45 da 50 abincin yau da kullum. Babban adadin da ya ruɗi idon masu saye an gina shi ne da gajerun bugu, tambayar da za a yi masa a kasuwa kuwa ta dogayen ce, kuma mafi yawan ɓarin da ya yi a Tampa a nan ya yi shi. Tsofaffin fataken goro ba su taɓa yanke farashin huhu da abin da ke sama ba, sai sun zura hannu sun taɓo na ciki.

Daɗin daɗawa, ƙidayar kanta ƙarama ce ƙwarai. Mai bugu a jami'a bai cika wuce bugu 20 zuwa 30 a shekara ba. A shekarar da Aguayo ya shiga, matsakaicin abin da masu bugun NFL ke ci kusan kashi 84 ne cikin 100. Da ya ci haka a cikin 31 ɗinsa, da 26 ke nan. Ya ci 22. Tsakanin na ƙarshe a gasa da mutumin da ba wanda zai ɗaga wa murya, bugu 4 ne rak, a cikin wata huɗu. Iska ta kaɗa sau ɗaya, mai riƙewa ya juya ɗinki ba daidai ba sau ɗaya, ƙwallo ta daki turke ta dawo maimakon ta faɗa ciki, an riga an cinye uku. Ba muna wanke shi ba ne, ya yi ɓarin da bai kamata ba. Abin da muke nunawa shi ne, ma'aunin da aka ɗaga shi da shi da wanda aka kayar da shi da shi, duka biyun ƙanana ne da ba su isa a yanke hukunci mai nauyi a kansu ba.

Wanda ke shakkar haka ya dubi Blair Walsh. A shekararsa ta ƙarshe a jami'ar Georgia, 2011, ya buga 35 ya ci 21 kawai, kashi 60, adadin da zai sa a rufe takardarsa ba a karanta ba. Amma masu horarwa na Minnesota Vikings suka zauna suka kalli faifan bugunsa, suka ga ƙafar tana da ƙarfi, gaggawa ce ke ɓata masa, suka ɗauke shi da araha a zagaye na shida. A 2012 ya ci 35 cikin 38, daga ciki har da 10 cikin 10 daga yadi 50 zuwa sama, aka zaɓe shi gwarzon masu bugu na gasar. Laraba ta yi duhu, Juma'a ta haskaka. Sai dai labarin bai tsaya nan ba. A watan Janairun 2016, cikin wani matsanancin sanyi, ya ɓarar da bugun yadi 27 da zai fitar da ƙungiyarsa zagaye na gaba a kan Seattle, kafin shekarar ta ƙare an sallame shi. Ke nan ko shekarar ƙwararre ta bara ba ta cika yi wa ta bana alkawari ba, balle ta makaranta.

Akwai kuma wani mutum da ya kamata a jera shi kafaɗa da kafaɗa da Aguayo, domin jami'arsu ɗaya. Sebastian Janikowski, haifaffen ƙasar Folan, ɗan ƙwallon ƙafa irin namu kafin ya sauya, ya karɓi lambar Groza sau biyu a jere, 1998 da 1999. Ƙungiyar Oakland Raiders ta ɗauke shi a zagayen farko na zaɓen 2000, matsayi na 17, tsadar da ta ninka ta Aguayo. Shekararsa ta farko ya buga 32 ya ci 22. A sake karanta adadin. Ya ci daidai abin da Aguayo ya ci, ya kuma fi shi ɓari da ɗaya. Raiders suka haɗiye fushinsu suka bar shi. Ya zauna da su har 2017, ya zama wanda ya fi kowa tara maki a tarihin ƙungiyar, a 2011 kuma ya ci bugun yadi 63 da ya yi kunnen doki da tarihin lokacin. A Super Bowl na Janairun 2003 ma, shi ne mai bugun Raiders, abokin karawarsa kuwa Martín Gramática, haifaffen Ajantina, wanda shi ma ya taɓa karɓar Groza, yana bugawa Tampa Bay ɗin nan dai, su ne kuma suka ɗauki kofin. Don haka masu cewa lambar jami'a ba ta da amfani su ma sun yi zuzutawa.

Mutum biyu, makaranta ɗaya, lamba ɗaya, shekarar farko kusan ɗaya, ɗaya ya shekara 18 a gida ɗaya, ɗayan bai ga shekara ta biyu ba. Ba za mu ce haƙuri kaɗai ne ya raba su ba, domin ƙafar Janikowski tana kai ƙwallo inda ta Aguayo ba ta taɓa kaiwa a gasar ba, kuma mai irin wannan ƙafa ana yi masa uzurin da ba a yi wa wani. Amma haƙurin ya yi aiki, kuma an ga rashinsa a wurare da yawa. Daniel Carlson na jami'ar Auburn, Vikings suka ɗauke shi a 2018, ya ɓarar da bugu uku a wasansa na biyu a Green Bay, kashegari aka kore shi. Raiders suka tsince shi, a 2022 ya zama gwarzon masu bugu na gasar. Matt Gay, mai lambar Groza ta 2017, Tampa Bay ta ɗauke shi a 2019 ta sallame shi bayan shekara ɗaya, ya koma Los Angeles Rams ya ɗauki kofin Super Bowl da su a Fabrairun 2022. Sau da yawa ƙungiyar da ta biya kuɗin saye ba ita ke cin moriyar ba, ta biyu ko ta uku ce, wadda ta same shi a banza bayan ya sha wuya ya nutsu.

A nan ne muke ganin ainihin bambancin jami'a da kasuwa yake, kuma ba a cikin fili yake ba. Ɗalibi yana da gurbin karatunsa, idan ya ɓarar ranar Asabar, Litinin yana aji, koci zai dafa kafaɗarsa. Ƙungiyar ƙwararru tana da mutum 53, mai bugu ɗaya ne a ciki, babu mataimaki, kuma kwantiragin mafi yawansu ana iya yanke shi a kowace safiya. Ranar Talata ce aka saba kirawo marasa aiki su zo gwaji, saboda haka wanda ya ɓarar ranar Lahadi ya san cewa nan da kwana biyu wasu mutum uku ko huɗu za su tsaya a filin atisayensa suna buga ƙwallayensa. Wanda aka saya da tsada kuma yana da ƙarin kaya. Duk bugun da Aguayo ya tsaya zai yi, gurabe biyun nan da aka bayar dominsa suna tsaye a bayansa, masu kallon gida sun fara yi masa ihu tun a atisayen farko-farko. Bugu aiki ne da jiki ya haddace, ran da zuciya ta tsoma baki tana yi wa ƙafa gyara, haddar sai ta fara kuɓucewa.

Abin mamaki, manyan sana'ar da yawansu ba wanda ya zaɓe su. Adam Vinatieri daga wata ƙaramar jami'a ya fito, South Dakota State, zaɓen ya wuce ba a kira sunansa ba, sai da ya je ya yi wasa a Amsterdam kafin New England Patriots su gwada shi. Ya yi shekara 24, ya ɗauki Super Bowl huɗu, ya tara maki 2,673, ba wanda ya kai shi. Justin Tucker na jami'ar Texas, a zaɓen 2012 an ɗauki masu bugu huɗu ba shi a ciki, Baltimore Ravens suka kira shi gwaji, a shekarar ya ɗauki kofi da su, a 2021 kuma ya ci bugun yadi 66, mafi nisa a tarihin gasar zuwa ranar. Sai Brandon Aubrey, wanda samarinmu suka fi so su ambata. Shi ko sau ɗaya bai buga wannan wasa a jami'a ba, ƙwallon ƙafa irin namu ya yi a Notre Dame, ya gwada sa'a a Toronto bai kai labari ba, ya koma aikin kwamfuta. Daga baya ya ɗauki shekaru yana koyon bugun a gefe, ya yi kaka biyu a wata ƙaramar gasa, Dallas Cowboys suka ɗauke shi a 2023, ya ci bugu 35 na farko a jere.

To, me za mu amsa? Mu dai abin da muka fahimta shi ne, akwai abin da ke ƙaura da mutum, akwai abin da ke zama a makaranta. Ƙarfin ƙafa yana ƙaura. Yadda ƙwallo ke tashi sama da wuri ta tsallake hannuwa, da yadda take tafiya miƙe daga nesa, da saurin takun mutum, duk waɗannan ido yana gani, kuma suna bin mai su duk inda ya je. Kashi kaza cikin 100 da lambar yabo kuwa labarin wasu 'yan ranaku ne, a wasu filaye, tare da wani mai riƙewa. Mu da aikinmu ya haɗa da rubuta wa mutane takardar shaida idan za su nemi aiki ko haya ko aure a wani gari, mun san iyakar irin wannan takarda. Abin da muka gani a gabanmu shi muke sa wa hannu, ba mu taɓa sa hannu a kan abin da mutum zai yi a inda ba ma nan ba. Lambar Groza shaida ce ta gaskiya a kan abin da ya wuce. Masu sayen ne ke karanta ta kamar lamuni.

Tun da dai samarinmu ne suka tayar da maganar, ya dace su san cewa 'yan Afirka ta Yamma sun riga su taka wannan hanya da daɗewa. Obed Ariri, ɗan Najeriya, ƙwallon ƙafa irin namu ne ya kai shi jami'ar Clemson a shekarun 1970, aka jawo shi bugu, ya kafa tarihi a yawan abin da ya ci. Baltimore Colts suka zaɓe shi a 1981 amma ba su riƙe shi ba. Sai da ya yi ta yawo kafin ya sami kujera a Tampa Bay a 1984, kuma kaka ɗaya ya yi a kanta. Wanda ya karɓe ta daga hannunsa a 1985 shi ne Donald Igwebuike, ɗan ƙasarsu, wanda ya gaje shi a Clemson ɗin ma, ya kuma ci bugu uku a wasan da ya ba jami'ar kofin ƙasa na kakar 1981. Igwebuike bai bar tarin tarihi a makaranta kamar na yayansa ba, a zagaye na goma aka ɗauke shi, lokacin zagayen suna da yawa, amma ya riƙe kujerar shekara biyar kafin ya wuce Minnesota.

Hukumar NFL tana da wani shiri na jawo 'yan wasa daga wajen Amurka, kuma daga 2024 ta fara sa masu bugu a ciki, ƙofar dai ba a rufe take ba. Sai dai a riƙa tunawa da faɗinta. Manyan jami'o'in da ke gasar sun haura 130, kowace da mai bugunta, kowace shekara wasu na fitowa. Kujerun ƙwararru 32 ne a duniya baki ɗaya, kuma wanda ya zauna daram a kan tasa yakan kai shekara 35 ko 40 bai tashi ba. A yawancin shekaru, masu bugun da ake kiran sunansu a zaɓen Afrilu ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, sauran kuwa suna gida da takalmansu a jaka suna jiran wayar ranar Talata.